Yadda ake rainon 'yan tsaki a makon farko

Yawancin tsakin da ke mutuwa a hannun sabbin masu kiwo, sanyi da cunkoso ne ke kashe su a dararen farko, sai a ɗora wa cuta laifi. Saboda haka aiki yana farawa tun kafin kwalin tsakin ya iso gida.

Ana gobe za su zo, ka share ɗakin ka wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ka shimfiɗa dusar katako mai kauri. Nemi mai manyan ɓarɓashi wadda kafintoci ke zubarwa, don mai laushin nan tsaki ci suke yi ta toshe musu ciki. Idan kana kusa da injin casa, buntun shinkafa ma ya yi, ga shi da araha. Ka zagaye wurin da kwali ya zama da'ira, kada ka bar lungu ko ɗaya, domin a lungu suke taruwa su danne juna.

Yanzu maganar ɗumi, inda ake yin asarar. Kada ka dogara da ƙwan lantarki kaɗai, wuta na iya ɗaukewa ƙarfe biyun dare kana barci. Gawayi a tukunyar ƙasa ya fi min. Ka hura shi a waje sai hayaƙin ya ƙare ya yi jajur, sannan ka shiga da shi ka ɗora kan bulo. Ana son zafin ya kai digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako. Ba ka da ma'auni? Tsakin ne ma'auninka. In sun dunƙule jikin tukunya suna ta kuka, sanyi suke ji. In sun gudu gefe sun buɗe baki suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu, wasu na ci wasu na barci, to ka dace.

Da hunturu mutane kan liƙe ko'ina da leda har iska ba ta shiga. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, sai a wayi gari a tarar da tsakin a kwance. Ka bar kafa ta sama. Kuma ka tashi da asuba ka ƙara gawayi, lokacin ne sanyi ya fi tsanani.

Da sun iso, ruwa za ka fara ba su, ba abinci ba. Yawancinsu daga Ibadan ake ɗauko su, sun sha hanya. Zuba musu gulukos a ruwa, wanda ka ga ya galabaita ka tsoma masa baki. Bayan kamar awa biyu sai ka barbaɗa abincin tsaki na kamfani a kan takarda. Dusar hatsi ta gida ba ta yi musu tukuna.

Rigakafin Lasota (na cutar kaji ta Newcastle) da na cutar Gumboro kuwa, ka bi jadawalin da mai sayar da tsakin ko likitan dabbobi ya ba ka. Ka ɗauko maganin cikin ƙanƙara, ka janye musu ruwa na awa ɗaya ko biyu don su ji ƙishi, ka haɗa da ruwan rijiya, ban da na famfo mai kulorin. Duk inda shimfiɗa ta jiƙe ka kwashe ta nan take, daga nan zawon jini ke farawa.