Yadda za ka goge Turancinka a nan Jidda

'Yan uwa mazauna Jidda da Makka, Larabci ya zauna mana a baki amma Turanci sai kame-kame, alhali a asibitocin nan nas da yawa 'yan Filifin ne da Indiya, Turanci suka fi ji. To ka fara da kwalin magani, gefe ɗaya Larabci ɗayan Turanci, karanta duka biyun da ƙarfi, ka tara kalmomin ciwon suga, hawan jini da zazzaɓi a wayarka.

Bayan Isha ka samu aboki ku yi hirar minti 10, yau abincin buɗa baki, gobe bikin aure ko yawan danna waya da ke hana mu barci. Wallahi wannan ya fi haddar nahawu amfani. Ka riƙa ɗaukar muryarka a WhatsApp kana saurare, inda harshe ya sarƙe sai ka maimaita.