Yadda ake feɗe kalmar mutanen Finland har wutsiya

Ɗan yayata da ke karatu a Helsinki, babban birnin Finland, ya turo min hoton wani allo mai ɗauke da kalma ɗaya: rautatieasema. Ya ce, "Kawu, tunda kai ne sarkin tone-tonen kalmomi, ga naka." Ina wajen mai shayi a Taminus lokacin, sanyin Jos na kaɗawa, na ari biro na hau aiki a bayan takardar burodi.

Ka fara daga wutsiya. Su uwar kalma a ƙarshe suke ajiye ta, mu kuwa a farko, kamar jirgin sama. Asema tasha ce. Saura rautatie, ita ma biyu ce: rauta ƙarfe, tie hanya. Tashar hanyar ƙarfe ke nan, wato tashar jirgin ƙasa, irin wadda ta ba Taminus ɗin da nake zaune sunanta.

In ka rasa inda za ka sa wuƙa, dubi wasula. A kalma guda ba a cakuɗa a, o, u da ä, ö, y. Da ka gan su tare kamar a työpaikka, to akwai ɗinki: työ aiki, paikka wuri.

Bayan yanka sai ka tambayi kowane guntu asalinsa, kuma nan ne daɗin yake. Harshen ba dangin Turanci ba ne, 'yan'uwansa su ne na Estoniya da, daga nesa, na Hangari. Amma rauta baƙuwa ce, an aro ta tun zamanin da daga kakannin harsunan Jamusawa, danginta kalmomin da ke nufin ja, saboda launin tama. Ita kuma haɗakar rautatie ta bi sawun järnväg na mutanen Suwidin, ƙarfe da hanya, layin dogon farko a Finland kuwa sai 1862, daga Helsinki zuwa Hämeenlinna. Gutsattsarin tsofaffi ne, ɗinkin ne sabo.

Tie ta fi burge ni. Daga gare ta aka samu tietää, sani, asali sanin hanya. Daga nan tieto, ilimi, sai tietokone, kwamfuta.

Kada kama ta ruɗe ka. Na ga -n a auringonkukka, furen rana, na yi tsalle na ce ga -n ɗinmu. Ashe nasu a jikin mai abu yake, namu a jikin abin. Kafin ka yi rantsuwa, leƙa ƙamusun asalin kalmomi na Kotus, cibiyar nazarin harsunan Finland, a intanet.