Yadda ake zaɓen bindiga mai sakata don farauta da harbin nesa a Amurka

Duk shekara idan Nuwamba ta kusa, lokacin da ake buɗe farautar barewa a nan Texas, filin gwajin harbi cika yake da sababbin hannu. Kowa da doguwar jaka, bindiga fil, madubin hango nesa da ke kanta sai ƙyalli yake. Zauna gefe ka zuba ido. Daga harsashi na biyar ko na shida za ka ga mutum ya fara runtse ido tun kafin ya ja kunama. Ni ma na yi wannan runtse idon, kuma sai da ya ci mini shekara guda cur kafin na rabu da shi.

Maganar takardu tukuna. A Amurka, idan za ka saya a shago mai lasisi, za ka cika fom mai lamba 4473, a bincika tarihinka ta hannun FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, doka ta hana shi mallakar bindiga, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da aka yi, kamar riƙe lasisin farauta mai aiki. A Texas kuma, duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon farauta kafin ya fita farauta. Masu karantawa daga gida Najeriya, can dokar makamai ta 1959 ce ke aiki, irin wannan bindiga sai da lasisin hukuma, don haka kada wani ya ɗauki zancena ya nufi kasuwar bayan fage.

Mataki na farko, tun kafin ka taka ƙofar shago, ka faɗa wa kanka gaskiya: ɗaukarta za ka riƙa yi ko ajiye ta a kan benci? Bindigar gasa nauyi take so, domin nauyi ne ke zaunar da ita. Ruger Precision Rifle, wadda ta fito a 2015 ta jawo masu ƙaramin ƙarfi cikin harbin nesa, ta kusa kilo biyar ba a ma ɗora mata madubi ba. Tikka T3x Lite kuwa wajen kilo uku ce. Ka rataya ta farkon ka hau tudu da asuba, kafin hantsi ka tsine wa wanda ya ba ka shawara. Ka ɗauki ta biyun ka jera harsashi goma, siririn bututunta ya ɗau zafi, harbin ya fara watsewa. Mai son jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya ya nemi matsakaiciya, irin Tikka CTR ko Bergara B-14 HMR, tsakanin kilo uku da rabi zuwa huɗu da 'yan kai.

Mataki na biyu shi ne harsashi, kuma a nan na faɗi. Harsashi ake fara zaɓa, sannan a nemo bindigar da ke cin sa.

Ranar da na je sayen tawa ta farko, mai shagon ya tambaye ni me zan farauta. Na ce barewa, amma wata rana ina so in je Colorado neman elk, wannan ƙatuwar barewar mai rassan ƙaho. Ai kamar jira yake. Ya sauko mini da .300 Winchester Magnum marar nauyi, ya ce wannan ba dabbar da za ta gagare ta. Bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa mini ba shi ne shurin da take yi wa kafaɗa. Harbi na uku na matso da ido kusa da madubi, bakin madubin ya dawo ya tsaga mini gira, jini har kan benci. Tun daga ranar jikina ya haddace abin. Da yatsa ya taɓa kunama sai kafaɗa ta sunkuya da kanta, ido ya rufe, harsashi ya tafi ƙasa. Na zargi madubi, na sake zobban da ke riƙe shi, na sauya kamfanin harsashi har sau uku, kuɗi na ta zuba kamar a rariya.

Wani dattijo da muke haɗuwa a filin ne ya kama ni. Ya ce in juya baya, ya loda mini bindigar da kansa, ashe ya cusa harsashin wofi guda a tsakiya, wanda ba albarushi a cikinsa. Da na zo kansa na ja kunama, sai ƙas, ba ƙara ba shuri, amma bakin bindigar ya duƙa ƙasa kusan taƙi guda. Ni ne na tura ta. Bai ce uffan ba, hularsa kawai ya gyara. Duk wanda harbinsa ke watsewa ya sa aboki ya yi masa wannan gwajin kafin ya kashe ko sisi a kan kaya.

Saboda haka dokata ita ce, bindigar farko kada ta wuce 6.5 Creedmoor ko .308 Winchester. Na farkon kamfanin Hornady ne ya fito da shi a 2007, an tsara shi ne don dogayen harsasai masu ratsa iska, kuma shurinsa bai wuce rabin na .300 Magnum ba. Amfanin haka shi ne idonka na cikin madubi har ka ga inda harsashi ya sauka, ka gyara da kanka. Shi .308 yana kasuwa tun 1952, ko a ƙaramin shagon ƙauye za ka same shi, da sauƙin kuɗi, kuma bututu ya fi daɗewa da shi bai cinye ba. Sai dai idan nisa ya miƙa ya fi Creedmoor saurin faɗuwa, iska ma ta fi tura shi. Masu .30-06 da .270 za su ce na manta da su. Ban manta ba, harsasai ne da suka cika tukwane tun 1906 da 1925, amma harsashin gasa nasu bai cika yawa a kanti ba. Elk ɗin Colorado kuwa, har yau ban je ba.

Mataki na uku, ita sakatar, wato ƙarfen da ake ja da hannu a fitar da kwanson harsashi a tura sabo, da kunamar. Riƙe bindigar a shago, ka nemi izini, ka ja sakata ka mayar sau goma ba tare da ka ɗaga kumatu daga gindinta ba. In tana cijewa, ajiye. Abin da ya sa ake yawan kiran sunan Remington 700, wadda ta fito a 1962, shi ne kusan duk mai ƙera gindin bindiga da kunama da mazaunin madubi da ma'auninta yake aiki. Bergara, da ake ƙerawa a Sifaniya, ta bi wannan ma'aunin, don haka kayan canji ba sa wahalar samu. Tikka ta ƙasar Finlan, daga masana'antar Sako, ta fi kowa santsin sakata a kuɗinta, a wurina dai. Savage 110 ba ta da kyan gani, amma tana harbi, kuma ita ce ta mai ƙaramin aljihu. Kunama ka nemi wadda ake iya daidaita nauyinta, mai yankewa tsaf ba ja-ja ba. Ta farauta kada ka sassauta ta ƙasa da kilo ɗaya, yatsan da sanyi ya kama ba ya jin abin da yake taɓawa.

Cikin bututun akwai tsagi masu murɗawa da ke sa harsashi juyawa. Idan an rubuta 1:8, ma'ana harsashi na zagayawa sau ɗaya a kowane inci takwas. Creedmoor 1:8 yake so, .308 kuwa 1:10 ko 1:11 ya wadatar. Duba kawai ka wuce. Ka tabbata bakin bututun yana da zaren ɗaura abin rage shuri, yanko shi daga baya ƙarin kuɗi ne.

Madubi. Raba kuɗinka biyu, rabi bindiga rabi madubi, ko da hakan na nufin ka sauko daga bindigar da ranka ke so. Harbin nesa juya maɓallin saitin madubi ne sama da ƙasa, madubi mai arha kuwa in ka juya shi ba ya komawa inda yake. Ma'auni iri biyu ne. MOA ɗaya kusan inci ɗaya ne a yadi 100, mil ɗaya kuma santimita 10 ne a mita 100. Mu da muka tashi da mita, mil ya fi mana, danna ɗaya santimita ɗaya a mita 100, ba sai an yi dogon lissafi ba. Abin da ba na yafewa shi ne layukan saiti na cikin madubi su zama mil, maɓalli kuma MOA. Ka nemi wanda layukansa ke girma tare da hoto idan ka jawo, kuma tazarar da ke tsakanin ido da madubi ta kai inci uku da rabi. Girata ce shaida.

Sauran aikin na fili ne. Ɗaure sukurorin zobba da sifana mai auna ƙarfi, yadda kamfani ya rubuta. Sayi harsashi iri uku ko huɗu, kwali ɗaya-ɗaya, ka saita a yadi 100. Kamfanoni na alkawarin harbi uku su taru cikin MOA ɗaya, kai ka yi biyar-biyar, kana barin bututu ya huce. Wanda bindigar ta fi so, koma ka saye shi da yawa daga rukuni ɗaya, wato waɗanda aka ƙera tare. Kuma ka raba harsashin gasa da na farauta, ko a Hornady ELD Match daban, ELD-X daban, na biyun ne aka yi don dabba. Faranti na ƙarfe ka harbe shi a yadi 800 in ka iya. Barewa kuwa, ni ban taɓa ja mata kunama a nesa da yadi 250 ba, kuma wannan ma sai iska ta kwanta.