Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Daidaita Sikeli da Tagar Zane a LayOut

Masu zanen gini da ke aiki da SketchUp, manhajar ƙera samfurin gini a kwamfuta, sukan kammala samfurin gida lafiya ƙalau, amma da zarar sun kai shi LayOut, abokiyar aikinta ta tsara zane a shafi, domin fitar da shi a takarda sai awo ya rikice. Galibi ba laifin manhajar ba ne. Abubuwa uku ne ake cakuɗawa alhali kowanne da mazauninsa: ɓangaren da ake kallon ginin daga gare shi, sikelin da aka rage shi da shi, da kuma tagar da yake bayyana a cikinta a kan takardar.

Kuskuren farko tun a SketchUp ake yin sa. Idan aka ajiye kallon a yanayin da na kusa ke girma na nesa ke ƙanƙancewa, kamar hoton kyamara, to babu sikelin da zai zauna a kansa, domin bangon gaba da na baya ba za su auna daidai ba ko da tsawonsu ɗaya. Gyaran shi ne a zaɓi Parallel Projection, wato kallon da nisa ba ya sauya girman abu, a kalli ginin daga sama ko daga gaba kai tsaye, sannan a ajiye wannan kallon da sunansa, misali "tsarin ƙasa". A LayOut kuma a kira shi da wannan suna, kada a bar tagar a kan kallon ƙarshe da aka ajiye, domin shi yana sauyawa duk lokacin da aka taɓa samfurin aka sake ajiyewa.

Na biyu ya fi kowanne yawa, kuma ya fi ɓoyuwa. Mutum ya sa sikeli 1:100, wato milimita 1 a takarda a madadin milimita 100 a gini, sai ya ga tagar ta matse ginin, ya kama gefenta ya ja. Idan ba a sa alama a akwatin Preserve Scale on Resize ba, jan tagar yana jan ginin tare da ita, sikelin ya koma wata lamba marar kan gado, rubutun da ke ƙarƙashin zanen kuwa yana nan yana cewa 1:100. Don haka a fara zaɓar sikeli, a sa alamar, sannan a ja gefen yadda ake so. Haka nan danna tagar sau biyu a shiga ana juya ginin ko matso da shi yana raba ta da kallon da aka ajiye, kuma a ganina wannan ɗabi'a ce da ya kamata a bari gaba ɗaya. Idan komai ya zauna, a kulle tagar. Idan ɓangare kaɗan ake son nunawa, kamar matakala ko banɗaki, a zana siffa a kansa a yanke sauran da Clipping Mask, ba tare da taɓa sikelin ba.

Akwai kuma masu tilasta wa gini shiga takardar da ta yi masa kaɗan. Fili mai ƙafa 100 da 50 ya kai mita 30.48 da 15.24, wanda a sikeli 1:100 zai ci kusan milimita 305 da 152. Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne, saboda haka ba za ta ɗauke shi ba, A3 mai milimita 420 da 297 kuwa za ta ɗauka har da wurin rubutu. Wanda A4 kawai yake da ita ya koma 1:200, maimakon ya ƙirƙiro irin su 1:113 da babu rular da za ta karanta.

Kuskuren ƙarshe ba a LayOut yake faruwa ba, a shagon buga takardu ne. Na taɓa aika zanen A3 aka buga mini shi a A4 da umarnin ya cika shafi, wanda ke rage komai zuwa kusan kashi 71 cikin 100. Bangon mita 4 da ya kamata ya auna milimita 40 sai ya fito 28, kuma da yake ban rubuta awonsa ba, magini ya ɗora rula ya karanta mita 2.8, har ya ja igiya ya buga turaku kafin na iso wurin. Tun daga ranar nake cewa a buga a ainihin girmansa, ina zana sandar awo a gefen zanen wadda za ta ragu tare da shi idan an rage, kuma kafin na bar shagon sai na auna ƙofa guda: mai faɗin milimita 900 dole ta ba ni milimita 9 a sikeli 1:100.