Yadda Ake Fatsar Kirafi a Ƙaramin Tafki, da Wanda Ya Kamata Ka Tafi da Shi Gida

Idan zama ya kai ka Amurka kuma kana kewar soyayyar karfasa, nemi kifin da suke rubuta sunansa crappie, mu ce masa kirafi. Faffaɗa ne kamar tafin hannu, tsokarsa fara fat, ba ƙarni. Iri biyu ne, baƙi da fari, kuma da ƙayar baya ake bambance su: baƙin yana da 7 ko 8, farin 5 ko 6. Kama shi ba wuya. Inda ake gane masunci shi ne wurin zaɓen wanda zai shiga bokiti.

Mataki na 1: Sayi lasisi, ka karanta doka. Kowace jiha da tata. A Minesota kirafi 10 aka yarda ka riƙe. A Tekzas 25 ne a rana, kuma a yawancin ruwayensu sai ya kai inci 10. Wani tafkin ma yana da dokarsa ta daban a allon da ke bakin ruwa, don haka tsaya ka duba kafin ka kwance kaya.

Mataki na 2: Haɗa kaya marasa nauyi. Sanda mai laushi, siririn zare mai ɗaukar nauyin fam 4 zuwa 6, ƙaramar ƙugiya, da ɗan abin shawagi irin wanda muke yi da totuwar kara muna yara. Koto kuwa ƙananan kifaye masu rai, ko 'yar ƙugiya mai kan dalma da jelar roba.

Mataki na 3: Jira ruwa ya yi ɗumi. Bayan ƙanƙara ta narke, wajen Afrilu zuwa Mayu a jihohin arewa, da zarar ɗumin ruwa ya kai digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salsiyas, kirafi yakan taso bakin gaɓa ya yi ƙwai. Namijin ne ke share gurbi ya tsaya gadi, har jikinsa ya yi duhu. Nemi inda bishiya ta faɗa cikin ruwa, ko gindin ciyawa, ko ƙarƙashin gadar katako. Da sassafe ko dab da magariba sun fi ci.

Mataki na 4: Rataye koton sama da kifin. Kirafi sama yake kallo idan zai ci, ba ya kiwon ƙasa kamar tarwaɗa. Fara da zurfin ƙafa biyu, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kuma ka sa ido sosai, don ba kullum abin shawagin ke nitsewa ba. Wani lokaci kwanciya kawai zai yi a kan ruwa, alamar kifi ya ɗauki koto ya yo sama. To nan ne masu zafin hannu ke asara. Fatar bakinsa kamar takarda take. Ka fizga da ƙarfi, ƙugiya ta yage ta fito. Ɗaga sandar a hankali, ka bar zaren a miƙe. Na yi asarar guda uku a jere ranar farko kafin hannuna ya daina fizgar tarwaɗa.

Mataki na 5: Zaɓi abin tafiya da shi. Kirafi a garke yake yawo, in ka faɗa kansu cikin sa'a guda za ka cika adadin doka. Amma adadin nan iyaka ce, ba a ce sai ka kai ta ba. Tafkin da za ka zagaye da ƙafa cikin minti 20 ba shi da manyan kifaye da yawa, kuma kafin kirafi ya kai inci 12 a ruwan sanyi ya ci shekaru. Mutum biyar su yi mako suna tsince manya lokacin ƙwai, sai tafkin ya koma na 'yan mitsi-mitsi. Ni abin da nake yi: na inci 9 zuwa 11 su ne na tukunya, wanda ya haura haka ya koma. Guda shida sun ishi gidana cin dare, a nan nake naɗe zare.

Kada kuma tausayi ya sa ka saki komai. Kirafi akwai haihuwa, kuma a ƙaramin ruwa yakan yi yawa har abinci ya gaza, duk su tsumbure. Duk wanda ya taɓa kiwon karfasa a kududdufi ya san wannan. In ka ga duk abin da kake cirowa inci 6 ne, ido ƙato jiki ba tsoka, cire su taimako ne, muddin doka ta yarda. Ɗan'uwansa bulugil (bluegill, wani faffaɗan kifin tafki) ya fi shi shan wahalar masu son manya: in an kwashe manyan mazan da ke gadin gurbi, ƙanana sukan balaga da wuri, girmansu ya tsaya. Abin da ya sa ke nan jihar Wiskonsin ta gwada rage adadin da aka yarda a riƙe a tafkuna 94 a 2016.

Mataki na 6: Sakin ma da yadda ake yinsa. Jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, cire ƙugiya da sauri, kar ka ajiye shi a busasshiyar ƙasa kana neman waya. Wanda ya haɗiye ƙugiya yana jini, riƙe shi. Haka wanda ka ciro daga zurfin ƙafa 30 da hunturu: jakar iskar cikinsa ta kumbura, ko ka sake shi da wuya ya rayu. Shi ya sa a tafkin Fork na Tekzas, daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, doka ta ce duk kirafin da ka kama sai ka riƙe shi komai ƙanƙantarsa, har ka cika 25.

Waɗanda ka zaɓa, sa su cikin ƙanƙara nan take, don tsokar kirafi tana saurin yin laushi. Ragowar koto mai rai kuma kar ka juye shi a tafki, a Minesota laifi ne. Zuba shi a kwandon shara kafin ka shiga mota.