Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sayen Littafin Hikaya ko Karɓar Aronsa

A ƙauyukan Kano da Jigawa ba kullum ake samun littafin hikaya ba. Sai an jira ranar kasuwa, Juma'a a Wudil, Lahadi a Dambatta, Alhamis a Maigatari, ko a jira mai shiga birni ya biya ta Kasuwar Sabon Gari. Wanda ya yi kuskuren zaɓe ba shi da damar musanyawa sai kasuwa ta zagayo, idan ma mai littattafan ya yarda. Yawancin asarar da ake yi daga abu ɗaya take tasowa: ana miƙa kuɗi kafin a duba kaya.

Sayen na ɗaya ba a ga na ƙarshe ba

Wannan ya fi kowanne cin kuɗin mutane. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, marubuta da yawa da kuɗin aljihunsu suke buga littafi. Sai a raba labari ɗaya gida biyu, uku, wani lokaci huɗu, cinikin na farko shi zai biya maɗaba'a ta buga na biyu. Idan na farko bai karɓu ba, cikon yakan maƙale. Akwai kuma wanda an buga shi duka, amma na ƙarshen ya ƙare a kasuwa, ba a sake bugawa ba saboda tsadar takarda da komawar masu karatu waya.

Kafin a taya, a ce, "Malam, a nuna mini na ƙarshen." A buɗe shafinsa na ƙarshe. Idan an ga "ƙarshe" ko "tammat bi hamdillah", labari ya cika. Idan aka ga "mu haɗu a littafi na gaba", da saura, ko da mai sayarwa ya ce na nan tafe mako mai zuwa. Ba a cinikin biri a sama. Sannan a haɗa layin ƙarshe na littafi na ɗaya da layin farko na na biyu, a ga ko zancen ya ɗore.

Matar da ba ta fita kasuwa, sai dai ta aika, kada ta ba da saƙon baki. Ta rubuta a takarda: sunan littafi, sunan marubuci, da adadin littattafan, ta ƙara da cewa in babu cikon a dawo da kuɗin. Sunan marubucin dole ne, domin sunayen littattafai da yawa karin magana ne, kuma ba abin mamaki ba ne marubuta biyu su ɗauki karin magana ɗaya. Ɗan aike kuwa abin da aka miƙo masa shi zai kawo.

Yarda da bango

Hoton bango ba shaida ba ne. Sau da yawa fuskar da ke kai ba ta da alaƙa da labarin, an sa ta ne don ta ja ido. Shafin farko ma ba ya isa, shi ne wanda marubuci ya fi gogewa. Gwajin da ke aiki shi ne a buɗe tsakiyar littafi na biyu a karanta shafi biyu ko uku. A nan ne marubucin da labari ya ƙare masa yake fara cika takarda: shafi guda kan leshin da jaruma ta saka da turaren da ta fesa, wani kan motocin gidan, wani kan gaishe-gaishen da ba su kai ko'ina ba. A tambayi kai, cikin shafukan nan me ya canza? Wani ya san abin da bai sani ba? Wata ta yanke shawara? In babu, sauran ma haka zai kasance.

A kuma saurari maganar mutanen cikin labarin. Idan kaka da jikarta da direban gida duk baki ɗaya suke magana da shi, marubucin bai san mutane ba. Wanda ya ƙware, ko an rufe sunaye za a gane uwar miji ce ke magana.

Batun ƙa'idar rubutu, a yi adalci. Rubuta "dashi" a maimakon "da shi", ko rashin lanƙwasa ƙ da ɗ, yana gajiyar da ido, amma akwai labarai masu daɗi da suka fito a haka don ba su samu mai tacewa ba. Abin da ba a yafewa shi ne sunan jaruma ya sauya a tsakiyar littafi, ko wanda aka binne a na ɗaya ya dawo yana cin tuwo a na uku ba bayani. Wannan alama ce marubucin bai sake karanta abin da ya rubuta ba.

Rashin ƙirga shafuka

Ƙananan littattafan nan, takardu ake ninkawa biyu a ɗinke su da ƙarfe a tsakiya. Kowace takarda tana ɗauke da shafi huɗu, saboda haka in guda ta fita, shafi huɗu ne suka tafi, biyu ta gaba biyu ta baya. Ta tsakiyar ita ce ta fi saurin zamewa, musamman in ƙarfen ya yi tsatsa. A buɗe tsakiya a duba lambobi suna bin juna, sannan a bi sauran da babban yatsa. Daga maɗaba'a ma akan samu wanda aka maimaita wasu shafuka aka tsallake wasu, ko shafi ya fito fari, ko tawada ta dishe yadda ba za ta karantu da hasken tocila ba.

A littafin haya, a yi wannan duban a gaban mai shago, a nuna masa duk inda ya yage. Wanda bai nuna ba, shi za a ɗora wa ranar mayarwa.

Sayen abin da ya kamata a ara

Lissafin ba wuya. A tambayi kuɗin saye, a tambayi kuɗin haya na kwanakin da karatun zai ɗauka da gaske. A ce haya ta kai kashi ɗaya cikin biyar na farashi: in mutum biyar za su karanta a gida ɗaya ko maƙwabta, saye ya fi. In mutum ɗaya ne, kuma labarin irin wanda daɗinsa duka a son jin ƙarshe yake, haya ta wadatar, don ba za a koma masa ba.

Wanda ya cancanci saye shi ne wanda ake sake buɗewa bayan shekara, ko don hausarsa ko don yadda ya warware wata matsalar zaman gida. Haka tsofaffin littattafan da suka fito daga gasar rubuta hikaya ta Zariya ta 1933, waɗanda kamfanin buga littattafai na NNPC ya ci gaba da bugawa: su ne ake karantawa a makarantu, kuɗinsu ba ya faɗuwa ƙasa banza, yaran gida za su ci moriyarsu.

Kuskuren masu haya shi ne kwasar littafi huɗu rana ɗaya, alhali kuɗin kwana ake ƙirgawa kan kowanne. A ɗauki biyu, bayan an tabbatar sauran suna shagon. Kuma a dubi lokaci. Makon shuka, makon girbi ko satin biki, littafi kwana zai yi ta yi a ƙarƙashin matashi kuɗi na hawa.

Biyan kuɗin littafin waya tun ba a gama rubuta shi ba

Yanzu karatun ya fi yawa a WhatsApp. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, ta tsaya daidai inda rai ya biya, ta ce mai son ci gaba ya biya a saka shi a zaure, wato rukunin WhatsApp na waɗanda suka biya. Ba laifi ba ne, sana'a ce. Matsalar ita ce da yawa ana rubutawa ana saki ne. Rashin lafiya, haihuwa, lalacewar waya, ko kawai labarin ya kakare mata, sai a yi makonni shiru.

Tambayoyi huɗu kafin a tura kuɗi: "Anti, an kammala ko ana kan rubutawa? Shafi nawa ne duka? Sau nawa ake saki a mako? A zaure za a karanta ko za a ba da shi a fayil guda?" Ta ƙarshen ta fi muhimmanci ga wanda ke garin da sabis sai an fita bakin titi. Fayil guda na rubutu zalla bai cika wuce MB ɗaya ko biyu ba, sau ɗaya za a sauke a huta. Zaure kuwa sai an buɗe data kullum, a tsinci shafin cikin ɗaruruwan saƙonni, kuma in wayar ta ɓace ko aka goge, an rasa.

A tura kuɗi asusun da marubuciyar ta rubuta da kanta a saman shafukan kyauta, sunan asusun ya dace da abin da ta faɗa. Akwai masu sayar da littafin da ba nasu ba a kan rabin farashi. Ban da haƙƙin mai shi, galibi abin da suke bayarwa guntu ne. In ta wurin mai POS aka biya, a sa cajinsa cikin lissafi, a ɗauki hoton rasit kafin rubutun ya goge.

Wajen masu turi a shagon caji ma a buɗe fayil a gangara har ƙasa kafin a biya. Mai son na sauraro ya sani awa ɗaya ta murya zalla takan ci kusan MB 30, ta bidiyo a YouTube kuwa ta ninka haka, alhali hoto ɗaya ne a tsaye. Gara a tura shi a memori.

Ɗaukar duk "na manya" abu ɗaya ne

Akwai littafin da ya zama na manya saboda abin da ya taɓo: kishi, saki, zawarci, rabon gado, rashin haihuwa, auren dole. Irin wannan, in ya samu alƙalami mai kyau, shi ne mafi amfani a cikin harkar. Akwai kuma wanda aka rubuta wa "na matan aure ne kawai" don a tallata batsa, labarin kansa siriri ne. Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001, kuma a 2007 an taɓa ƙona littattafai a bainar jama'a, don haka masu bugawa a takarda suna taka-tsantsan. Abin da ke yawo a waya kuwa, yawancinsa ba ya bi ta hannun kowa.

Gane shi ba wuya: a karanta gargaɗin shafin farko, a lura da inda shafukan kyauta suka tsaya. In a ƙofar ɗaki suka tsaya, an san abin da ake sayarwa. A gidan da waya ɗaya ce tsakanin uwa da 'ya'ya, a kashe saukar fayil da kansa a WhatsApp, kada kuma a aiki yarinya karɓo littafin da ba a san cikinsa ba, don a hanya za ta fara.

Yabon da ake zubawa a zaure ba abin dogaro ba ne, masoya ne ke yi wa tasu. A samu wadda aka san zaɓinta, a tambaye ta ko ta kai ƙarshe, da inda ta tsallake.

Aro a kan aro

Littafi ya fi ɓata a hannu na uku. An ara wa maƙwabciya, ta ara wa ƙanwarta da ta zo ganin gida, ƙanwar ta koma garinsu da na biyu, saura sun zama marayu. Mai bayarwa ta rubuta sunanta a cikin bango da kuma wani shafi na tsakiya, ta riƙe ɗan littafin rubutu na wa ya ɗauka da ranar ɗauka, ta riƙa ba da ɗaya sai an dawo da shi a karɓi na gaba. Mata huɗu ko biyar na iya yin karo-karo, kowa ta sayi cikakken labari ɗaya a riƙa juyawa, da sharaɗin ba ya fita daga cikinsu.

Ajiya kuma, takardar waɗannan littattafai irin ta jarida ce, tana shan danshi, gara na sonta. Kada a jingina su da bangon ƙasa ko a ajiye a daɓe. A sa kowane labari a ledarsa, a cikin akwatin ƙarfe da aka ɗora kan bulo, a fito da su su sha iska a inuwa bayan damina. Wanda ƙarfensa ya fara tsatsa, a cire ƙarfen a ɗinke da allura da zare ta ramukan da ya bari.