Yadda ake yin katin inshorar lafiya a Zariya

Ni tela ne a Sabon Gari, kuma na daɗe ina ɗauka inshorar lafiya ta masu albashi ce kawai. Sai da aka yi wa uwargidana tiyatar haihuwa, na sayar da keken ɗinki ɗaya na biya, sannan na tashi neman sanin abin.

Kamar adashi ne, sai dai kwasar ba bi da bi ba ce. Jama'a da yawa suna zubi, wanda ciwo ya kama shi ake yi wa magani daga asusun. Shekarar da ka wuce lafiya lau, kada ka je neman canji, kuɗinka ya yi jinyar wani.

Ƙofa biyu ce. Akwai hukumar tarayya, NHIA, wadda ta gaji NHIS a 2022, akwai kuma KADCHMA ta jiharmu. Mai sana'ar hannu irina zai iya shiga kowacce, ya je da lambar NIN ya biya kuɗin shekara. Ma'aikacin tarayya kuwa katinsa yana ɗaukar shi da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da gida cike da yara, malam, sai ka biya ƙari.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne zaɓen asibiti. Za a ce ka zaɓi guda, nan ne za ka fara zuwa ko zazzaɓin cizon sauro ne ko hawan jini. Kowa sai ya ce asibitin koyarwa na ABU da ke Shika saboda suna. Ni shawarata, ka ɗauki wanda keke napep zai kai ka cikin dare ba wahala. In kana cikin birni ga asibitin Gambo Sawaba nan a Ƙofar Gayan. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, su za su tura ka babban asibiti da takarda. Ka tafi gaban kanka ba takardar, aljihunka zai ji a jika.

Katin ba ya fara aiki ranar da ka biya, akwai kwanakin jira, don haka a yi shi tun ana lafiya. A tsarin ma'aikatan tarayya, mara lafiya yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Wani lokaci a ce maka maganin ya ƙare, ka sayo a kemis. Sau biyu aka yi mini haka. Yanzu ina ajiye rasit, lambar wayar hukumar kuma tana rubuce a bayan katina.